Saita sandar tuƙi da totur a DCS World: ina neman bayanin waɗanda suka riga ni

Baban Hanifa, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum, 'yan uwa, ina yi wa manya da ƙananan wannan zaure fatan alheri. Na sauke DCS World, manhajar kwaikwayon tuƙa jiragen yaƙi, a kwamfutata, na kuma fara da Su-25T, tunda shi da TF-51D ne jiragen da ake samu kyauta tare da taswirar Kaukasus. Sandar tuƙin da nake da ita ta gwanjo ce, mai maɓallai goma sha biyu da hula ɗaya ta babban yatsa (ɗan maɓallin saman sanda da ake turawa gaba, baya, hagu ko dama), kuma sandar irin wadda ake murɗawa ce hagu ko dama domin juya wutsiyar jirgi, sannan wani abokin aikina ya ba ni aron totur mai zaman kansa wanda ake jonawa ta USB dabam.

Matsalata ta farko ita ce, da zarar na tura totur gaba a kan titin jirgi, sai sandar da ke cikin jirgin ta tafi gaba da kanta, hancin ya ƙi ɗagowa, alhali hannuna bai taɓa komai ba. Idan kuma na samu na tashi, sai ƙarfin injin ya riƙa hawa yana sauka ba da umarnina ba. Ta biyu, maɓallan ba su isa ba, kuma ban san umarnin da ya cancanci hawa sanda da wanda za a bari a kan kibod ba. Ta uku, na ga masu koyarwa sun saɓa a kan lanƙwasar motsi, wato saitin da ke rage zafin amsawar sanda a kusa da tsakiyarta, wani ya ce a bar ta a sifili, wani ya ce 15, wani ya ce 30, kuma babu wanda ya faɗi dalilinsa. Ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani tare da dalili, domin fahimtar abin nake so, ba kwafar lambobin wani ba.

Injiniya, Kawo

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa, barka da shigowa. Matsalarka ta farko ba lalacewar kaya ba ce, kuma kusan duk wanda ya jona na'ura fiye da ɗaya sai ya ci karo da ita. Idan manhajar ta ga sabuwar na'ura, ba ta da hanyar sanin ko sanda ce ko totur ne ko feda, saboda haka sai ta ba kowace ɗaya aikin da take ba sanda: layin X ya zama mirgina jirgi, layin Y ya zama ɗaga hanci da sauke shi, Z ya zama ƙarfin inji, RZ kuma ya zama wutsiya. To idan hannun totur ɗinka yana aiko da motsinsa ta layin Y, duk lokacin da ka tura shi, hancin jirgi kake turawa. Hawa da saukar injin kuwa, mai yiwuwa ƙaramin totur ɗin da ke gindin sandarka da babban totur ɗin aro ne suke jayayya a kan aiki ɗaya, wanda ya motsa daga baya shi manhajar ke bi.

Ka shiga Options, ka buɗe Controls, ka zaɓi Su-25T daga jerin jirage da ke sama ta hagu, sannan ka zaɓi rukunin Axis Commands. Za ka ga kowace na'ura da nata ginshiƙi. Kada ka fara saka komai sai ka goge duk abin da ke cikin ginshiƙin totur da na sanda, ka bar su fayau. Daga nan ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya: hanci da mirgina da wutsiya a ginshiƙin sanda kaɗai, ƙarfin inji a ginshiƙin totur kaɗai. Wajen sakawa, ka tura hannun har ƙarshensa ka dawo da shi, domin manhajar ta gane layin da kake nufi. A kan totur, ka buɗe Axis Tune ka sa alama a kan Slider, saboda totur ba shi da tsakiyar da yake komawa, tafiyarsa daga sifili ce zuwa ɗari. Idan ka ga ja baya ne ke ƙara wuta, ka sa alama a kan Invert.

Bayan ka shiga jirgi, ka danna Ctrl na dama tare da Enter. Wani jan akwati zai fito a ƙasan allo yana nuna inda sanda da wutsiya da totur suke a idon manhajar. Ka motsa kowane hannu shi kaɗai, ka tabbatar alama ɗaya ce tak take motsi. Ka kuma sani cewa kowane jirgi da nasa saiti, abin da ka gyara a Su-25T bai shafi TF-51D ba.

Baban Hanifa, Unguwar Rimi

Allah ya saka da alheri, Injiniya, yadda ka faɗa haka na tarar. Layin hanci yana cikin ginshiƙai biyu, ƙarfin inji ma haka. Yanzu totur ya tsaya a aikinsa. Abin da ya rage shi ne, a cikin jan akwatin ina ganin alamar wutsiya tana rawa kaɗan ko da na saki sandar gaba ɗaya, kuma bayan na harba makami daga fiffike ɗaya jirgin yakan riƙa karkata gefe.

Malam Mai Gyara, Tudun Wada

Rawar da kake gani ta shigo fannina, ranka ya daɗe. Kafin ka zargi manhajar, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe sandarka a can ka saki hannu. Idan alamar tana rawa a nan ma, to daga jikin sandar ne. Yawancin sanduna masu sauƙin kuɗi suna auna motsi ne da abin da mu masu gyaran rediyo muke kira bolum, wato ɗan ƙarfe ne yake gogar wata hanya ta gawayi a ciki. Da tafiyar lokaci hanyar tana cinyewa, ƙura kuma tana shiga tsakani, mu kuwa a Kaduna mun san abin da ƙurar hunturu take yi wa kayan lantarki daga Disamba zuwa Fabrairu. Bolum ɗin murɗawa ne yake fara gajiya, domin ƙarami ne kuma wayoyinsa suna lanƙwasuwa duk lokacin da aka murɗa.

Maganin kusa shi ne a buɗe a fesa masa ruwan wanke lantarki mai bushewa da kansa, a murɗa shi sau da yawa, a bar shi ya bushe. Kada a sa masa man keke ko baƙin mai, domin ƙura za su kama. Idan an gama wasa a rufe sandar da kyalle. Wanda zai sayi sabuwa kuma ya nemi mai aunawa da maganaɗisu, inda babu abin da yake gogar wani. Thrustmaster T.16000M tana da irin wannan a manyan layukanta biyu, amma murɗawarta bolum ne. VKB Gladiator ma da maganaɗisu take aiki.

Idan rawar ba ta tafi duka ba, sai ka rufe ta da Deadzone a cikin Axis Tune, wato ɗan filin tsakiya da manhajar za ta yi watsi da motsin cikinsa. Ka fara daga 2 ko 3, ka riƙa ƙarawa har alamar ta tsaya, ka tsaya a nan. Idan ya yi yawa, zai zama kamar wasan sitiyarin tsohuwar mota, ka juya ba ta amsa ba, sai can ta amsa gaba ɗaya.

Ɗan Barnawa

Ina gaida manya. A kan tambaya ta uku, ni ra'ayina shi ne Baban Hanifa ya sa lanƙwasa 25 a kan hanci da mirgina, ya huta. Da haka nake tuƙa F/A-18C, kuma ban iya shan mai a sama ba sai da na yi hakan. Wanda ya taɓa bin kwandon mai a bayan jirgin tanka ya san motsin da ake buƙata bai kai faɗin farce ba, kuma sandar teburi ba za ta ba ka wannan laushin ba idan ka bar layinta a miƙe. Ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya wahalar da kansa ba alhali maganin yana cikin saiti.

Injiniya, Kawo

Ƙanena na Barnawa, abin da ka faɗa a kan shan mai gaskiya ne, amma rabin labarin ka bayar. Lanƙwasa ba ta ƙara maka komai, rabo kawai take sakewa. Dole dai idan sanda ta kai ƙarshenta umarnin ya kai ɗari bisa ɗari, saboda haka duk laushin da ka samu a tsakiya, a gefe za ka biya shi. A lanƙwasa 25 ko 30, kashi na ƙarshe na tafiyar sanda yana ɗauke da umarni mai yawan gaske. To ina hannunka yake a lokacin da kake cikin juyi mai tsanani, kana neman shiga bayan abokin karawa, ko kana fitowa daga nutso bayan harbi? Yana can baya ne, a daidai inda layin ya miƙe tsaye. A nan ɗan ƙarin ja kaɗan zai wuce da kai iyakar da fiffike zai iya ɗauka. Kwamfutar da ke cikin Hornet, wato F/A-18C ɗinka, tana kare ka daga mafi yawan wannan, shi ya sa ba ka ji a jikinka ba. Su-25T ba shi da wannan kariyar, TF-51D kuwa fiffike ɗaya zai saki ya juye da kai.

Shawarata ga Baban Hanifa ita ce ya fara da sifili, ya yi tashi da sauka har hannunsa ya san sandar, sannan idan ya ga hancin yana yi masa tsalle wajen saiti a kan abin hari, ya ƙara kaɗan kaɗan, daga 10 zuwa 15. A kan wutsiya kuwa na yarda da lanƙwasa mai yawa, har 25 ko fiye, domin tafiyar murɗawa gajera ce ƙwarai, kuma hannu yana murɗa ta ba da niyya ba duk lokacin da aka ja sanda da ƙarfi.

Ɗan Barnawa

Yallaɓai Injiniya, na fahimci lissafin, amma ban gamsu da cewa sifili ne ya fi kusa da gaskiyar jirgi ba. Idan miƙaƙƙen layi ne gaskiya, me ya sa jirgin yake da zafin amsawa a hannunmu fiye da yadda muke gani a bidiyon matuƙan gaske?

Baba Mai Ritaya, Malali

'Ya'yana, ku duka biyu kuna da gaskiya, kuma tambayar Ɗan Barnawa ita ce mabuɗin maganar. Na yi shekarun aikina a kan gyaran jirage, ban tuƙa ba, amma hannuna ya san sandar jirgi. Sandar da ke tsakanin ƙafafun matuƙi doguwa ce, daga ƙasan kujera take tasowa. Ku ɗauki misali da sanda mai tsawon santimita 45 da wata mai santimita 15. Idan duka biyun suka karkata da kusurwa ɗaya, hannun mai doguwar ya yi tafiya ninki uku na hannun mai gajeriyar. Ma'ana, santimita ɗaya a kan teburinku daidai yake da santimita uku a cikin jirgi. Ga kuma nauyi: sandar jirgi tana ƙara tauri gwargwadon yadda aka ja ta, jikin matuƙi kuma yana jin nauyin juyi a ƙirjinsa da wuyansa, ku kuwa sifirin ɗaya ne a hannunku, kujerarku kuma ba ta motsi. Saboda haka lanƙwasa ba ha'inci ba ce, diyya ce ta gajartar sanda. Wanda ya sa wa sandarsa ƙarin tsawo ya rage buƙatarta. F-16 ya fita daga wannan lissafin, domin sandarsa a gefen dama take, kusan ba ta motsi, ƙarfin da hannu ya sa mata take aunawa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kun wuce maganar da Baban Hanifa ya yi ta karkatar jirgi bayan harbi, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Wannan ba matsala ba ce, jirgin daidai yake yi. Ka sauke nauyi daga fiffike ɗaya, ɗayan ya fi nauyi, dole ya rinjaya. Maganinsa tirim, wato daidaita jirgi yadda zai tafi a miƙe ba tare da ka riƙe sanda a karkace ba. Su-25T yana neman tirim duk lokacin da gudu ya canza, ko aka sauke tayoyi, ko aka buɗe ƙarin fiffike, ko aka saki makami. Yawancin masu kukan cewa jirgi yana yi musu tsalle ba su da matsalar lanƙwasa, faɗa suke yi da jirgin da ba a daidaita ba. A jiragen yaƙi da yawa, hular da ke ƙarƙashin babban yatsan dama ta tirim ce, kuma ba a banza aka ba ta wannan wurin ba. Baban Hanifa, ka goge kallon gefe da manhajar ta sa a kan hularka, ka ba tirim wurin.

Baban Hanifa, Unguwar Rimi

Allah ya ƙara girma, Baba, wannan bayanin ya warware mini abin da ban ma san yadda zan tambaya ba. Sai dai hula ɗaya ce gare ni. Idan na ba tirim, da me zan duba gefe, kuma da me zan motsa Shkval, kyamarar da ke hancin Su-25T, wajen neman abin hari?

Injiniya, Kawo

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: duk umarnin da za ka buƙata a lokacin da idonka ba zai iya barin waje ko allon kyamara ba, wurinsa sanda ko totur. Duk wanda ake yi sau ɗaya a cikin natsuwa, ya zauna a kan kibod. Kunna lantarki, tayar da inji, rufe murfin matuƙi, fitilu, har ma da tayoyi a kan G, babu wanda ya cancanci maɓallin sanda mai goma sha biyu. Waɗanda suka cancanta a Su-25T su ne harbi, canza makami, zaɓar bindiga, kulle abin hari, kunna lesa, kusanto da hoton kyamara da nisanta shi, sakin tartsatsin da ke ruɗar makami mai bin zafi, birkin iska, da birkin taya. Ka lura da makami mai linzami na Vikhr musamman: hasken lesa yake bi har ya isa, saboda haka daga kullewa zuwa bugawa hannunka ba shi da damar zuwa neman harafi a kan kibod.

Ƙarancin hula kuwa, Modifiers ne maganinsa. A ƙasan shafin Controls za ka ga wurin, ka zaɓi maɓalli ɗaya ka mai da shi na canji, yadda idan ka riƙe shi sauran maɓallai za su yi aiki na biyu. Ka zaɓe shi a kan totur, ba a kan sanda ba, domin hannun hagu ya riƙe, na dama ya yi aiki, kuma sha biyun da ke kan sanda su zama ashirin da huɗu. Hula ita kaɗai ta zama tirim, hula tare da maɓallin canji ta zama motsa Shkval. Akwai nau'i na biyu da ake kira Switch, wanda ake dannawa sau ɗaya ya zauna har a sake dannawa. Ba na ba sabon shiga shawararsa, domin babu abin da yake tuna maka yana kunne, sai ka nemi tirim ka tarar kyamara kake juyawa.

Kallon gefe kuma, akwai manhaja ta kyauta mai suna opentrack wadda take bin motsin kanka ta kyamarar kwamfuta ta yau da kullum. Tana son haske a fuska, saboda haka da dare sai ka sa fitila a gabanka. TrackIR, na'urar bin motsin kai da ake saya, yana yin wannan aikin da kyau, amma kuɗinsa da na kawo shi nan ba kaɗan ba ne.

Ɗaliba, Mando

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan Axis Tune da ba a taɓo ba, wato Saturation Y. Ita ba ta lanƙwasa layi, rage iyakar umarnin take yi: idan aka sa ta a 80, ƙarshen sandarka ya zama kashi 80 na ƙarshen sandar jirgi, laushin kuma ya bazu daidai a duk tsawon tafiyar. Masu tuƙa jirgi mai saukar ungulu, irin Mi-8, da yawa sun fi son ta a kan lanƙwasa, domin da wuya su buƙaci kai sanda ƙarshe. Amma farashinta a fili yake, kashi 20 ɗin nan ya tafi ke nan, ranar da kake buƙatarsa ba za ka same shi ba. Ban ga dacewarta a layin hancin Su-25T ba.

Idan kuma Baban Hanifa zai gwada TF-51D, ya sani cewa farfelarsa tana jan jirgin hagu da ƙarfi wajen tashi. Ana sa tirim ɗin wutsiya wajen digiri 5 zuwa 6 dama, a riƙe sanda baya domin tayar baya ta kulle, a kuma tura totur a hankali. A shafin Special akwai taimakon tashi da wutsiya mai sarrafa kanta. Ga mai murɗawa mai rawa, barin su a kunne a farko ya fi a daina jirgin gaba ɗaya.

Ɗan Barnawa

Na karɓi maganar Baba a kan tirim. A Hornet ban cika taɓa shi ba sai wajen sauka, inda ake daidaita jirgin a kusurwar digiri 8.1, shi ya sa ban kawo shi ba. Amma ina da wata shawara da na san za a yi mini gardama a kanta. Baban Hanifa ba zai dawwama a Su-25T ba. Ya tsara maɓallansa tun yanzu yadda aiki iri ɗaya zai zauna a ƙarƙashin yatsa ɗaya a kowane jirgi. Maɓallin da yake kulle abin hari a Su-25T, shi zai kulle a Hornet, shi zai kulle a F-16, ko da a jirgin gaske wani yana kan totur wani yana kan sanda. Yatsa ba ya karanta littafi, abin da ya saba shi yake yi.

Baba Mai Ritaya, Malali

A nan kam mun rabu, ɗana. Waɗanda suka zana waɗannan jirage ba su watsa maɓallan haka kawai ba. A Hornet, abin motsa alamar rada da danna shi yana kan totur, zaɓar na'urar da za ta karɓi umarni kuma yana kan sanda, domin hannu biyu su yi aiki a tare: dama ta zaɓa, hagu ta kai alama. A F-16 kuma alamar tana hagu, amma kullewa da sakin abin hari suna kan TMS, wata hula da ke kan sanda, a hannun dama. Littafin kowane jirgi da wannan tsarin yake koyarwa. Idan ka tattara komai a wuri ɗaya, za ka riƙa fassara kowane darasi a cikin kanka kafin ka aikata.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu a nan. Yaranmu suna ganin Super Mushshak na makarantar koyon tuƙi ta 401 yana shawagi a saman Mando da Kawo, wasunsu suna karatu a AFIT, cibiyar fasaha ta sojin sama da ke Kaduna, wasu suna da burin zuwa kwalejin koyon tuƙi ta Zariya. Jirage biyu da rundunar sojin samanmu take da su suna cikin wannan manhajar: L-39ZA da ake horo da shi a Kano, da JF-17 Thunder wanda aka karɓi guda uku a 2021. Manhaja ba za ta mai da kowa matuƙi ba, amma yaron da zai ba ta lokacinsa, na fi so ya koyi jirgin yadda aka gina shi.

Ɗaliba, Mando

Baba, Allah ya ƙara lafiya, hujjarka tana da ƙarfi ga wanda kayansa suka ba shi dama. Mai Thrustmaster Warthog, wadda kwafin sandar A-10C ce da totur ɗinsa, ba shi da uzurin kauce wa tsarin gaske. Amma mai hula ɗaya ba zai iya kwaikwayon sanda mai huloli huɗu ba ko ya so. Ni abin da nake yi shi ne na raba umarnin gida biyu. Na ceton rai da na harbi, wato kunama, sakin bom, tirim, tartsatsi da birkin iska, ba sa barin wurinsu a kowane jirgi, kuma a jiragen gaske ma kusan wuri ɗaya suke. Na rada da kyamara kuwa ina bin jirgin gwargwadon iko, aƙalla in kiyaye hannun da yake yi da kuma ɓangaren da ake turawa, gaba ta zama gaba, baya ta zama baya. JF-17 ya sauƙaƙa wannan, domin sunayen maɓallansa na sanda da harafin S da lamba suke farawa, na totur kuma da T, kana gani ka san hannun da ya dace.

Ɗan Barnawa

Rabon da ƙanwata ta yi ya fi nawa tsari, amma a kan kulle abin hari ina nan a kan bakana, domin shi ne abin da na fi dannawa a cikin gaggawa. Baba ya yi mini haƙuri.

Malam Mai Gyara, Tudun Wada

Kowane tsari ka ɗauka, Baban Hanifa, ka adana shi. Saitin yana cikin Saved Games, a foldar DCS, cikin Config, cikin Input, kowane jirgi da foldarsa. Ka kwafe Input ɗin gaba ɗaya zuwa filas. Sunan kowane fayil yana ɗauke da wata doguwar lamba da Windows ya ba na'urar, kuma idan aka sake sa Windows lambar tana canzawa, sai manhajar ta ɗauki sandarka a matsayin baƙuwa, ginshiƙinta ya koma yadda ya zo. Aikinka bai ɓata ba: ka danna ginshiƙin na'urar, ka zaɓi Load profile, ka nuna masa tsohon fayil. Ka riƙa jona kowace na'ura a ramin USB ɗin da ta saba, kafin ka buɗe manhajar. Kuma tunda wuta tana iya ɗaukewa a kowane lokaci, kada ka tara gyaran awa guda ba ka danna OK ba, domin sai ka danna shi ake rubuta fayil ɗin.

Baban Hanifa, Unguwar Rimi

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya: an fesa wa murɗawar ruwan wankewa, rawar ta ragu, na rufe sauran da Deadzone 4 da lanƙwasa 25. Hanci da mirgina suna sifili. Hula tirim ce, tare da maɓallin canji na totur kuma tana motsa Shkval. Kulle abin hari da lesa suna ƙarƙashin babban yatsan dama, tartsatsi da birkin iska suna hagu. Karkatar bayan harbi tana tafiya da ɗan taɓa hula. Tambaya ɗaya ta rage: idan na samu kuɗi, feda zan fara saya ko sabon jirgi, ganin cewa totur ɗin ma na aro ne?

Injiniya, Kawo

Totur naka na kanka ne farko, tunda maɓallin canjinka a kansa yake, ranar da mai shi ya karɓa rabin tsarinka ya tafi. Ka nemi mai ƙaramar sandar yatsa, irin wadda ke kan Thrustmaster TWCS, domin motsa kyamara da ita ya fi hula laushi nesa ba kusa ba, kuma a bayan hannunsa akwai faifan da za ka iya ba aikin wutsiya ka huta da murɗawar. Feda za ta iya jira sai ka koma jirgi mai farfela ko mai saukar ungulu. Jirgi kuwa kada ka saya ba ka gwada ba: idan daga shafin Eagle Dynamics, kamfanin da ya ƙera DCS, ka sauke manhajar, yawancin jiragen ana ba da gwajinsu kyauta na kwana 14. Idan ka gwada mai afta-bana, wato ƙarin wutar da ake kunnawa a bayan inji, irin Hornet ko JF-17, ka dawo mu yi maganar daidaita inda totur yake tsayawa kafin ya shiga wutar ƙarshe, domin Su-25T ba shi da ita, ba za ka ga buƙatar ba yanzu.